Ina 'Yar Tsanarmu Ta Shiga?

A jihar Tamil Nadu ta kudancin Indiya, idan bikin Nabaratri ya zo, wato darare 9 na bautar allolin Hindu mata, akan share gida, a kafa matakala mai hawa 3, 5, 7 ko 9, a jera 'yan tsana, wasu tun na kakanni.

Mu fa? A Jekadafari ko Bolari, yara nawa suka san 'yar tsanar kara, da kitsonta, da bikinta? Ta roba ta kore ta. Ba bautarsu nake cewa mu aro ba, adana kayan gado nake nufi. 'Yan'uwana ɗalibai, mu tuntuɓi kakanninmu mata, mu rubuce kalmomi da waƙoƙin wasan nan tun suna raye. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.