Zauren Uwargida: In Man Takalmi Ya Ɓata Riga

Yaro ya zauna yana goge takalminsa, ya ɗora shi bisa cinya, kafin a ankara baƙin mai ya shafi farar riga. Abin da yawancinmu mukan fara yi shi ne mu tsoma rigar a ruwan zafi mu cuɗa. Nan ne ɓarnar take.

Man takalmi na gwangwani, irin su Kiwi, haɗi ne na abu uku: kaki irin na zuma, da mai mai narkar da kakin, da rini. Ruwa ba ya narkar da kaki. In kuwa ruwan da zafi, sai kakin ya yi laushi ya bazu, ya kai rinin cikin zare. Tabon da bai fi kwabo ba sai ya koma kamar tafin hannu. Ga shi kuma yadi marar kauri, kamar boyel ko alawayyo, ba ya jure cuɗa. Tabon ya fita, wurin ya sile, wata biyu sai ɓula.

To, mu fara cire kakin tukuna. A kankare abin da ke sama da gefen cokali, a hankali. A juya rigar bai-bai, a kifa tabon bisa tsohon tsumma fari mai tsabta. A jiƙa wani ɗan tsumma da kananzir kaɗan, a riƙa dannawa daga bakin tabon zuwa tsakiya. Dannawa muka ce, ba gogewa ba. Baƙin zai sauka kan tsumman ƙasa. Da ya yi datti a matsa zuwa wuri mai tsabta. In yadin mai launi ne, a fara gwadawa a cikin kalmasa, don wani rinin yakan zuba.

A yi aikin nan a tsakar gida, nesa da murhu da fitila. Kada a yi da fetur ko kaɗan. Kwalbar kananzir kuma a ɗage ta inda hannun yara ba ya kai.

Bayan haka a shafa sabulu a wurin, a bar shi kamar minti 15, a wanke da ruwa mai ɗumi, a ɗauraye sosai har warin ya tafi. A shanya a rana.

In ta bushe mu duba da kyau kafin guga. Muddin da sauran alama, a sake daga farko, gama dutsen guga yakan zaunar da rinin, daga nan da wuya ya fita.