Lafiya Uwar Jiki: Shin mai ƙiba ya fi ƙarfin ƙashi?

A Ɗanbatta, kamar sauran garuruwanmu, idan magidanci ya ajiye tumbi sai a ce hutu ya zo, in mace ce a ce mijinta ya iya kiwo. Wasu har cewa suke yi mai jiki ba ya karyewa, wai kitse katifa ne. Akwai ƙamshin gaskiya a zancen, amma kaɗan ne.

Ƙashi abu ne mai rai, yana ƙara ƙwari gwargwadon nauyin da yake ɗauka. Shi ya sa in aka auna, sau da yawa ƙashin mai ƙiba ya fi na ramamme cika. Kitsen ƙugu ma yakan rage ƙarfin bugu idan an faɗi. Sai dai ƙarin ƙwarin ba ya kamo ƙarin nauyin. Ku dubi azara: tana riƙe rufin soro lafiya lau, amma in aka yi ta lafta mata ƙasa, wata rana sai ta ba da kai.

A 2011 an fitar da sakamakon wani bincike da aka yi kan mata kimanin 60,000 masu shekara 55 zuwa sama a ƙasashe 10. An gano masu ƙiba sun fi karyewa a idon sawu da cinya, ko da yake karayar wuyan hannu ta yi ƙaranci a wurinsu. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Mai nauyi ya fi saurin faɗuwa, kuma in santsin bakin rijiya ya kwashe shi, duk nauyin nan a kan ɗan idon sawu yake sauka. Ga kitse yana riƙe bitamin D, wanda jiki ke buƙata kafin ya amfana da kalsiyam. Ga ciwon suga, abokin tafiyar ƙiba, yana rage ingancin ƙashi, yana kuma jinkirta warkewar rauni. Don haka in babba mai jiki ya faɗi ya kasa taka ƙafa, kada a ce targaɗe ne a tsaya shafa man zafi. A je asibiti a ɗauki hoto, in ta kama a wuce Asibitin Ƙashi na Dala.

To ku da ba ku kai ashirin ba, ina ruwanku? Ai da ku nake. Mafi yawan ƙwarin ƙashin da za ku rayu da shi kuna tara shi ne kafin shekara 20. Bayan 30 kuwa sai dai tattali. Ƙwallo, tsallen igiya, langa, tafiya makaranta a ƙasa da aikin gona duk suna gina ƙashi. Kwanciya da waya ga lemon kwalba a gefe kuwa teɓa kawai take ginawa. Kuma ban ce 'yan mata su shiga horon yunwa ba, don rama mai tsanani ita ma tana cinye ƙashi. Kindirmo, miyar kuka, zogale, riɗi da ƙananan kifin da ake ci da ƙayarsu duk suna da kalsiyam, kuma babu wanda ba a samu a kasuwar Ɗanbatta.

Ga aikin gida. Ku raba nauyin babba a kilo da tsayinsa a mita sau tsayinsa. Mai kilo 80 da tsayin mita 1.6 zai ba ku 31. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce daga 30 ƙiba ta zama matsala. Ma'aunin na manya ne, kada ku tsokani juna da shi a aji. Ku gwada da Baba, in ya yarda ya hau sikeli.