Kiristocin Bauchi Da Karatun Littafi Mai Tsarki

Duk wanda ya bi ta Yalwa ko Wunti ko Bayan Gari a cikin birnin Bauchi ranar Lahadi da hantsi, zai ga jama'a maza da mata sun ci ado sun nufi majami'u, kusan kowa da littafi a hammata ko a cikin jaka. Waɗansu ECWA za su, waɗansu COCIN, waɗansu Katolika ko Angilikan ko Baftis, waɗansu kuwa sababbin majami'un nan da ake kira na Fentikos. Wanda ba ya cikinsu yakan ɗauka duk tafiyarsu ɗaya ce, tun da yake sunan littafin da suka riƙo ɗaya ne. Amma in aka zauna da su aka ji ta bakinsu, sai a tarar kowace ɗariƙa da irin riƙon da ta yi wa littafin, har a cikin gida ɗaya ma ra'ayi yakan rabu.

Ya kamata a fara sanin yadda littafin ya shigo cikin Hausa. Wani Bajamushe mai suna Schön, wanda ya biyo jiragen binciken kogin Kwara a shekarar 1841, shi ne ya soma juya waɗansu sassa, daga baya kuma ya sami taimakon Dorugu, yaron nan Bahaushe da Barth ya tafi da shi Turai. Amma cikakken littafin, watau Tsohon Alkawari da Sabon Alkawari a haɗe, bai fito ba sai a 1932, bayan shekarun wahala da Likita Miller na Zariya da abokan aikinsa suka sha. Bayan kusan shekara 50 aka sake fitar da wata fassara mai sauƙin Hausa.

Wannan aiki ya yi wa ƙasar Bauchi rana ƙwarai, domin ƙasa ce mai harsuna barkatai. Basayi daga Bogoro, da Bajari daga Dass, da Ba'angashe daga Filato ba su jin yaren juna, amma duk suna jin Hausa. Saboda haka 'yan mishan na SIM, waɗanda suka fara zuwa ƙasar nan a 1893, da na SUM, waɗanda suka iso a 1904, suka riƙe Hausa a wajen koyarwa. Daga SIM aka sami ECWA a 1954, daga SUM kuwa aka sami COCIN. A wancan zamani akan nace wa mai neman baftisma ya koyi karatu, don ya iya duba littafin da kansa. Ta haka manoma da yawa waɗanda ba su taɓa zama a aji ba suka iya karatun boko, suna bin baƙi da yatsa a gaban aci-bal-bal bayan an tashi daga gona.

Wannan tarihi shi ya sa har yau ɗan ECWA ko COCIN yake ganin karatun littafin wajibi ne a kan kowane mai bi, ba tare da jiran kowa ba. A wurinsa addu'ar safe a gida, da taron binciken littafi a tsakiyar mako, da haddar ayoyi a makarantar Lahadi, su ne ginshiƙin addini.

Ɗan Katolika kuwa, wanda babbar majami'arsa a Bauchi ita ce ta Waliyyi Yohanna, yana da wani ra'ayi. A wurinsa littafin amana ce a hannun ikilisiya, sai a karanta shi tare da bayanin magabata, don kada kowa ya fassara yadda ransa yake so. Ana karanta masa sassa a jere a wurin sujada, bisa tsarin da yake zagayowa duk shekara 3. Littafin nasa ma ya ɗan fi kauri, domin littattafai 73 ne a ciki, na sauran kuwa 66. Zargin da akan yi cewa Katolika ba ta son mabiyanta su yi karatu da kansu ya tsufa, gama babban taron da aka kammala a Fadar Paparoma a 1965 ya kwaɗaitar da kowa a kan haka.

Su kuwa 'yan Fentikos, sun fi ƙarfafa alkawuran da ke cikin littafin. Mutum yakan ɗauki aya ɗaya ya riƙe ta a kan rashin lafiya ko neman aiki ko neman haihuwa, yana maimaita ta cikin addu'a da zafin zuciya. Matasa da yawa sun koma can, suna cewa sun sami littafin yana magana da halin da suke ciki.

Ba aikin jarida ba ne ta yanke hukunci a tsakanin waɗannan hanyoyi uku, kowace tana da hujjarta da malamanta. Abin da ya cancanci a duba shi ne wata cuta da ta kama su duka, watau yawan mallakar littafin da ƙarancin karanta shi. A da, kwafi ɗaya yakan ishi ƙauye guda, a yi ta karɓa-karɓa har bangonsa ya cire. Yanzu kuwa yana cikin wayar hannu, da Hausa da Turanci, har da wanda ake saurara da kunne, amma sau da yawa ba a buɗe shi sai ranar Lahadi, lokacin da mai wa'azi ya ambaci sura da aya.

Wani abin da ya ƙara dagula al'amarin shi ne harshe. Yaron da aka haifa a Yalwa yana jin Hausa kamar jakin Kano, amma ba a koya masa karanta ta sosai ba, saboda iyaye sun fi son makarantar da ake yin Turanci zalla. Turancin kuma bai nuna ba har ya fahimci tsohuwar fassarar Ingilishi ta 1611 wadda majami'u da yawa suke alfahari da ita. Ga shi nan a tsakiya, bai kai kakansa da ya koyi karatu a gindin bishiya ba, ga kuwa takardar shaidar gama sakandare a hannunsa.

Illar wannan ba ƙarama ba ce. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Mutumin da ba ya karanta littafinsa, duk abin da aka ce masa yana ciki sai ya yarda. Ta nan ne macuta suke yanko rabin aya su raba gwauruwa da ɗan jarinta da sunan sadaka, ko su hana majinyaci zuwa asibiti, ko su haɗa 'yan'uwa gaba saboda bambancin ɗariƙa. Garin da ya ga tashin hankalin watan Afrilu na 1991 ya san tsadar jama'ar da ake iya zugawa da magana ba tare da sun bincika ba, ko daga wane addini suke.

Littafin kansa bai goyi bayan wannan sakaci ba. A sura ta 17 ta Ayyukan Manzanni an yabi mutanen wani gari mai suna Biriya saboda sukan koma su duba rubutu kowace rana don su tabbatar da abin da aka gaya musu, alhali kuwa mai wa'azin Bulus ne da kansa. Wannan sura tana cikin na Katolika, tana cikin na ECWA, tana kuma cikin na Fentikos.

Saboda haka ya kamata shugabannin majami'un Bauchi su farfaɗo da ajin koyon karatun Hausa irin na da, musamman ta hanyar ƙungiyoyin Zumuntar Mata da na matasa, waɗanda suke taruwa kowane mako. Ya kamata kuma masu wa'azi su saba da karanta sura sukutum kafin su tsinci aya, su kuma daina ɗaukar tambaya a matsayin rashin ladabi, domin matambayi ba ya ɓata. Iyaye su ma da nasu kason. Uban da ya zauna da 'ya'yansa minti 10 kafin a fita da safe, kowa ya karanta nasa layin da bakinsa, ya yi musu abin da kakanninsu suka yi wa kansu a gaban fitila.