Sandika ba ta masu albashi kaɗai ba ce

A mararrabar Takeita, cikin ƙaramar hukumar Garagumsa, inda hanyar Matamai ta rabu da titin Damagaram zuwa Maraɗi, jama'a da yawa na cin guminsu ba tare da takardar aiki ba: 'yan kabu-kabu, 'yan dako, masu faci, mata masu tuyar ƙosai. Ɗan kabu-kabu ya faɗi ya karye, babur na wani ne, mai shi kuma na jiran kuɗinsa da magariba. Wa zai tsaya masa? Ƙarfin manyan ƙungiyoyin ƙwadago, USTN da CDTN, yana wajen malaman makaranta da ma'aikatan gwamnati, asusun kula da ma'aikata na CNSS kuwa don mai albashi aka gina shi. Wannan giɓi yana damuna ƙwarai. Tun 2015 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, a shawararta mai lamba 204, ta amince cewa ma'aikata marasa takardar aiki na da 'yancin haɗa kai. Abin ma ba baƙo ba ne a Damagaram, inda sarkin fawa da sarkin maƙera suka daɗe suna sasanta 'yan sana'arsu. Don haka su ma su kafa tasu sandikar, a fara da kuɗin tikitin tasha: a ware kaso don jinya, a riƙa karanta lissafin a gaban membobi kowane wata.