A kan masu cewa raga raga ce

Ranar 18 ga Oktoba, 2013, ƙungiyar Hoffenheim ta karɓi baƙuncin Bayer Leverkusen a gasar Bundesliga ta Jamus. A minti na 70 aka bugo kwana, ɗan wasan gaban Leverkusen, Stefan Kießling, ya sa kai, ƙwallo ta bi ta bayan turke. Shi kansa ya dafe kai irin na wanda ya ɓarar da dama. Da aka waiwaya sai ga ƙwallo kwance a cikin gola. Ashe akwai huji a ragar gefe, ta nan ta kutsa. Alƙalin wasa Felix Brych ya ce an ci, aka tashi Leverkusen na da 2, Hoffenheim na da 1. Hoffenheim ta kai ƙara, amma ranar 28 ga watan kotun wasanni ta hukumar ƙwallon ƙafar Jamus ta yi watsi da ƙarar, ta bar sakamakon yadda yake.

Darasin da aka fi ɗauka daga wannan abin kunya shi ne na na'ura. A watan Disambar 2014 ƙungiyoyin Bundesliga suka amince da kyamarorin da ke tantance ko ƙwallo ta haye layi, aka fara aiki da su a kakar 2015/16. Madalla da hakan. Sai dai akwai darasi mafi sauƙi, kuma shi ya fi shafar duk wanda ke da filin wasa a hannunsa: igiya mai kaurin 'yan milimitoci ce ta sauya sakamakon wasa a ɗaya daga cikin gasa mafi arziki a duniya. Idan haka ta faru a Jamus, me ake tsammani a filin da aka sayi ragarsa da canjin da ya rage bayan an gama fenti?

Akwai wata magana da ake yawan ji daga bakin masu gina filaye, da 'yan kwangila, da kwamitocin wasanni na makarantu: "Ai raga raga ce." Wannan magana kuskure ce, kuma kuskure ne da wasu ke biyan kuɗinsa, wani lokacin da lafiyarsu. Raga tana da ayyuka biyu a wasa. Tana ba da shaida cewa ƙwallo ta shiga, tana kuma kare mutanen da ke bayanta. Wadda ba ta dace da wasan ba, ba ta iya ko ɗaya daga cikinsu, sai dai ta sa mutane su saki jiki alhali babu abin da ke kare su.

Dalilin ƙirƙiro ta

Kafin a samu raga, turaku biyu ne kawai da abin da aka gindaya a sama, gardama kuwa ba ta ƙarewa kan ko ƙwallo ta bi ta ciki ko ta waje. A 1889 wani injiniya a birnin Liverpool na Ingila, John Alexander Brodie, ya ƙirƙiro ragar gola domin kashe wannan gardama, kuma a 1892 aka fara amfani da ita a wasan ƙarshe na Kofin FA. Wato tun ranar farko raga kayan shari'a ce, an kawo ta ne don ta taimaki alƙali.

Abin mamaki, har yau dokokin ƙwallon ƙafa ba su wajabta ta ba. Doka ta 1 ta ƙayyade faɗin gola mita 7.32 da tsayi mita 2.44, ta kuma wajabta a kafe golar da ƙarfi a ƙasa. Game da raga kuwa, abin da ta ce shi ne ana iya ɗaura ta, muddin an tallafe ta da kyau kuma ba ta hana mai tsaron gida sakewa ba. Babu maganar girman ido, babu maganar irin zare. Masu shirya manyan gasa sukan cike wannan giɓi da ƙa'idojinsu. A ƙananan filaye kuwa, babu mai cike shi sai lamirin wanda aka ba kuɗin saye. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Ido, zare, ɗauri

Masunta a Yawuri ko Argungu ba sa buƙatar a yi musu lacca a kan wannan. Sun san idon koma shi ke yanke irin kifin da za a kama, kuma babu wanda zai tafi kamun ƙananan kifi da koma mai manyan idanu. Ƙa'idar ɗaya ce a wasa: girman ƙwallo ke zaɓar idon raga.

Ƙwallon ƙafa ta manya kewayenta santimita 68 zuwa 70 ne, wato faɗinta kusan santimita 22, nauyinta giram 410 zuwa 450. Shi ya sa ragar gola kan zo da ido mai faɗin santimita 10 zuwa 12. Ragar ƙwallon raga, wadda ake kafawa a tsayin mita 2.43 ga maza da 2.24 ga mata, idonta santimita 10 ne. Ƙwallon tanis kuwa faɗinta bai kai santimita 7 ba, ta kurket ta ɗan ɗara 7, ta golf kuma santimita 4 ce da 'yan kai. Duk ukun za su wuce ta cikin ragar gola kamar babu komai. Ana yi wa tanis da kurket raga mai ido wajen santimita 4 zuwa 5, golf kuma wajen 2 zuwa 2.5. Saboda haka makarantar da ke buga wasanni da yawa a fili ɗaya, da ƙwallo mafi ƙanƙanta za ta auna ragar kariyarta.

Kada a ɗauka kuma cewa ƙaramin ido ne ya fi a kowane hali. Raga mai ƙananan idanu ta fi nauyi, ta fi tare iska. A ɗaura ta a kan dogayen turakun da aka kafa don raga marar nauyi, guguwar farkon damina za ta kwantar da su gaba ɗaya, wataƙila a kan katangar maƙwabci.

Na biyu shi ne zare. Nailan yana da ƙarfi, yana miƙewa ya shanye bugu, amma yana shan ruwa ya saki, kuma rana tana cin sa idan ba a yi masa magani ba. Polietilin ba ya shan ruwa, yana jure zama a waje idan an haɗa shi da sinadarin kariya daga rana. Polifurofilin yana da araha da rashin nauyi, sai dai in babu wannan sinadari shi ke riga sauran mutuwa. Poliyesta kuwa yana jure rana, ba ya miƙewa sosai. Abin da ke kashe su duka shi ne wani ɓangare na hasken rana da ido ba ya gani, wanda ake kira UV, yana tsinka ƙwayoyin robar sannu a hankali. Baƙar raga kan fi daɗewa domin baƙin sinadarin gawayi da ake zuba mata yana shanye wannan haske. Alamar mutuwa a bayyane take: launi ya kode, zare ya yi tauri, in an murza shi ya bar gari a yatsa. Irin wannan raga tana nan a rataye kamar lafiyarta ƙalau, amma bugu ɗaya mai ƙarfi zai huda ta, kuma bugun ƙwararren ɗan wasa yakan wuce gudun kilomita 100 a awa. Ragar da aka saƙa don ɗakin wasa mai rufi a Turai ba za ta kai ko'ina ba a ranar Sakkwato ko Zinder.

Na uku shi ne ɗauri. Raga tana tsayar da ƙwallo ne ta hanyar ba ta wuri, ta lotsa ta shanye ƙarfinta. Idan an ja ta ta yi tsam kamar fatar ganga, ƙwallo za ta dawo da ƙarfi, zaren kuma ya tsinke a wuraren ɗauri. Idan an bar ƙasanta a sake, ƙwallo ta bi ta ƙarƙashi. Ƙugiyar ƙarfe da ake walda a jikin turke don rataye raga tana yaga hannu da fuska, shi ya sa hukumar ƙwallon ƙafar Ingila ta hana amfani da ita. Gola mai ɗaukuwa da ba a kafe ba kuwa, yaro ɗaya da ya yi lilo a ragarta ya isa ya jawo ƙarfen ya faɗo masa.

Inda rai ke ciki

Wanda yake ganin duk wannan ƙaƙale ne, ya dubi abin da ya faru a wasan besbol na Amurka, inda ƙwallo mai tauri kan bar sanda da gudun da ya haura kilomita 160 a awa. Shekara da shekaru ana taƙaita ragar kariya a bayan mai bugu kaɗai, bisa hujjar cewa tana tare wa 'yan kallo gani. A watan Agustan 2018 ƙwallo ta haye saman raga a filin Dodgers da ke Los Angeles, ta sami wata dattijuwa mai shekara 79 a kai, ta rasu bayan kwanaki. A watan Mayun 2019 wata yarinya 'yar shekara biyu ta samu karaya a ƙoƙon kai a filin Houston. A watan Disambar wannan shekara shugaban gasar, Rob Manfred, ya sanar cewa dukan ƙungiyoyi 30 za su faɗaɗa ragarsu kafin kakar 2020. Hujjar gani ma ta rushe, domin akwai zare siriri mai ƙarfi, irin su Dyneema, da ake saƙawa ba tare da ƙulli ba, wanda ido ke mancewa da shi bayan 'yan mintoci. A Los Angeles akwai raga, ba ta dai kai tsayin da ake buƙata ba. Raga marar isa, ga wanda ƙwallo ta sama, daidai take da babu.

Ba kasafai ake buga besbol a Kano ko Kaduna ba, amma filayen ciyawar roba da ake haya da awa sun yawaita a tsakiyar unguwanni, jikin gidaje da bakin tituna. A nan ragar kewaye ce kaɗai tsakanin bugun saurayi mai ƙarfi da fuskar mai wucewa, ko ɗan acaɓan da ke tafe da gudu, ko yaron da zai bi ƙwallo ya faɗa titi. Mai filin da ya kashe dukiya a kan ciyawa da fitilu da janareta, sannan ya kewaye wurin da komar kamun kifi, ya nuna inda hankalinsa yake. Zaren koma siriri ne, yana yanka yatsa, kuma ba don bugun ƙwallo aka yi shi ba. Yaran da ke ɗaura tsohon gidan sauro a kan sanduna biyu ba su da laifi, abin da suka samu ke nan. Laifin yana kan babban da ke karɓar kuɗin haya, da wanda ya sa hannu a takardar kwangila.

Za a ce kuɗi ne matsala. To, a yi lissafi. Idan raga mai rabin farashi ta mutu cikin shekara ɗaya, mai cikakken farashi kuma ta kai huɗu, mai neman araha ya biya ninki biyu ke nan, ban da kuɗin mai ɗauri sau huɗu, ban da diyyar gilashin motar da aka fasa. Araha ba ta ado. Wanda kuɗinsa bai kai ya kewaye fili duka da raga ta gari ba, ya fara da bayan gola da ɓangaren titi, inda ƙwallo ta fi fita.

Gyaran ba shi da wuya. Duk takardar saye da ta ce "raga" kawai ta yi shiru, a mayar da ita. A rubuta wasan da za a buga, da faɗin ido, da kaurin zare, wanda ga gola ta manya kan kama milimita 3 zuwa 4, da irin robar, da shaidar kariya daga rana, da tsayin da za a kafa. Alƙalin wasa da mataimakansa su zagaya raga da hannu kafin a take leda da bayan hutun rabin lokaci, su ƙi busa usur sai an ɗinke huji. Iyaye da masu haya su ma suna da ta cewa: su murza zaren, in ya bar gari a yatsa su tambayi mai fili ranar da zai sauya ta. Hoffenheim maki ta rasa, kuma ta ci gaba da zama a gasar. Mai wucewar da ƙwallo ta sama a ido ba shi da kotun wasanni da zai kai ƙara.