Object.freeze ba maigadi ba ne

Akwai wata fahimta da ta yi kaka-gida a zukatan masu koyon JavaScript, har da wasu da suka daɗe suna cin abinci da shi. Wai idan ka tattara bayananka cikin ƙunshi guda, ka danna masa Object.freeze, ko ka ayyana shi da const, to ka tsare shi daga maɓarnata. Wannan kuskure ne, kuma mai tsada, domin yana sa mutum ya yi barci a wurin da ya kamata ya zauna a faɗake.

Mu fara da const, wanda ya shigo harshen a 2015. Abin da yake hanawa kawai shi ne a ɗauki sunan a liƙa wa wani abu daban. Siffofin da ke cikin ƙunshin kuwa, kowa na iya sauya su, ya ƙara, ya goge. Shi Object.freeze, da ƙannensa Object.seal da Object.preventExtensions, sun zo ne da ƙa'idar ES5 a 2009, kuma sun fi const ƙarfi. Amma daskarewar tasa iyakarta sama-sama. Ka daskare bayanin ɗan kasuwa, adireshinsa da ke zaune a wani ƙunshi na ciki yana nan a buɗe. Ka daskare Map, za a ci gaba da zuba masa sabbin abubuwa. Ka daskare Date, za a sauya masa shekara ba gardama. Abin da ya fi ciwo shi ne, idan ba a kunna "use strict" ba, yunƙurin sauya siffar daskararren abu kai tsaye zai faɗi ne shiru, babu ko ƙorafi. Sai mai rubutu ya kwana yana neman dalilin da lissafinsa bai motsa ba.

To a ce ma ka bi kowane lungu ka daskare. Ina manhajar take gudana? A burauzar mai amfani, cikin wayarsa ko kwamfutarsa. A kwamfuta, da maɓallin F12 zai buɗe kayan aikin masu gini, ya karanta rubutunka, ya tsayar da shi inda ya ga dama. Ba ya ma buƙatar taɓa ƙunshin da ka kulle: zai rubuta tasa buƙatar ya aika wa uwar garke (server) kai tsaye, da farashin da ya zaɓa wa kansa. Shagon intanet da ya amince da farashin da burauza ta turo, don kawai an daskare shi, ya rufe ƙofa da ɓarawo ne. Haka zancen yake ga siffofin sirri masu alamar # da aka tabbatar a 2022, balle readonly na TypeScript, wanda ke ɓacewa gaba ɗaya da zarar an juya rubutun zuwa JavaScript.

Masu kare wannan ɗabi'a za su ce ai kullewa ta taɓa hana ɓarna. Gaskiya ne, amma a dubi wurin. A 2019 sai da jQuery ta fitar da sigar 3.4.0, lodash kuma 4.17.12, don toshe wata kafa da ake bi ta __proto__ ko constructor a gurɓata Object.prototype, tushen da kusan duk ƙunshi ke gado daga gare shi. Daskare wannan tushe yana rage haɗarin, haka ma amfani da Map ko Object.create(null) wajen ajiye abin da ya fito daga waje. Sai dai asalin cutar ita ce karɓar bayanin baƙo a haɗa shi da na gida ba tare da bincike ba. Wanda ya daskare jerin launukan shafinsa bai taɓa wannan cuta ba ko kaɗan.

Ba cewa nake a watsar da waɗannan kayan aiki ba. Suna da amfani na gaske: suna hana ka, da abokin aikinka, da kai na bayan wata shida, ɓata abu bisa kuskure. Wannan tarbiyyar rubutu ce, kuma tana da kyau. Amma malaman da ke koyar da su da sunan tsaro su daina. Farashi, izini da tantance mai shiga duk a uwar garke ake yanke hukuncinsu, kuma duk abin da burauza ta turo a ɗauke shi abin tuhuma har sai an bincika.