FILIN NOMA DA KIWO: Ina Karan Bara Ya Tafi?

 Ga bazara ta kankama, kowane magidanci ya fara lissafin buhunan takin da zai iya saye, ko wanda zai karɓa bashi, kafin ruwa ya sauka. Saboda haka muka ga ya dace mu jingine zancen rumbu da muka faro a watan jiya, mu ɗauko wata magana da wani dattijo ya jefo mana a bakin masallaci bayan sallar la'asar.

Dattijon nan ya fi shekara talatin yana noman gona guda a bayan Garwa, kan hanyar Pitowa. Ya ce mana, "Malam, ku da kuka yi boko ku warware mini. Gonar da a da nake zuba wa buhu biyu in cika rumbu, yanzu sai na zuba huɗu, kuma amfanin bai kai na da ba. Takin ne suka lalata, ko ƙasar ce ta mutu?" Muka ce, "Baba, karan bara fa, ina ya tafi?" Ya yi dariya, ya ce wannan kuma wace irin tambaya ce. Wani ya sayar wa masu kiwon turke a cikin gari, wani an yi darni da shi, wani mata sun yi girki, abin da ya rage shanun makiyaya sun kiwace bayan girbi, guntayen da suka saura kuma ya tattara ya cinna musu wuta lokacin sharar gona. Muka ce, "To, Baba, ai ka rigaya ka amsa tambayarka da kanka." Bai gamsu ba, kuma yana da gaskiya, don magana irin wannan ba ta ƙarewa a tsaye. Shi ya sa muka kawo ta nan.

A cikin ƙasar noma akwai wani abu da ba yashi ba, ba kuma laka ba. Shi ne ragowar ganye da saiwa da kara da kashin dabbobi waɗanda suka ruɓe suka zama ƙasa, kuma shi ne yake ba ƙasar gindin gawo ko ta tsohon turke launin nan mai duhu-duhu da laushi. Mu kira shi maiƙon ƙasa. Fiye da rabin nauyinsa wani sinadari ne da masana kimiyya suke kira kabon, watau ainihin abin da ya yi gawayi. Tsiro ba daga ƙasa yake samun kabon ba. Daga iska yake jawo shi ta ganyensa, da taimakon hasken rana, ya gina jikinsa da shi. Ke nan kara da saiwa su ne hanyar da kabon yake bi ya shiga gona, kuma duk damin karan da ya fita daga gona bai dawo ba, da rabon ƙasar ya fita.

Mun taɓa gwada wa yaran ajinmu wannan abu da idonsu, kuma kowa yana iya yi a gida. Muka ɗebo ƙasa tafi guda daga inda ake ɗaure tumaki, muka ɗebo wani tafin daga tsakiyar wata gona da ta daɗe ba ta ga takin gida ba. Muka zuba kowace a gwangwani mai huji a gindi, muka tsiyaya musu ruwa kofi ɗai-ɗai. Ta gonar nan da nan ruwan ya zarce, ta turken kuwa ta riƙe nata. Daga baya muka shanya su, muka ɗora a kan marfin tukunya bisa wuta. Ta turken ta yi ta hayaƙi da ƙauri har duhunta ya kau, ɗayar ko a jikinta. Abin da ya ƙone ya bi iska, shi ne kabon. Wani yaro ya ce, "Malam, ashe ƙasa ma tana cin wuta!"

Amfanin maiƙon nan ga manomi ba ya ƙirguwa, amma wanda ya shafi tambayar dattijonmu shi ne riƙo. Yawancin gonakinmu na tudu jigawa ne, kuma yashi ba ya riƙe komi. Maiƙon ne yake damƙe abincin da takin zamani ya kawo, ya riƙa sakar wa saiwa kaɗan-kaɗan. In babu shi, ruwan sama mai ƙarfi na watan Agusta sai ya wanke wani kaso na takin zuwa can ƙasa inda saiwar masara ba ta kai, ya zama kamar an zuba ruwa a kwando. Bugu da ƙari, farin takin nan na yuriya, in ana ta zuba shi shekara da shekaru shi kaɗai, yana sa ƙasa ta yi tsami, tsamin kuma yana hana saiwa cin abin da ke gabanta. Sai a ga ƙuduji ya mamaye dawa, domin shi ƙuduji gonar da ta gaji yake so. Ƙarshen tafiyar shi ne faƙo, wanda maƙwabtanmu Fulani suke kira harde, kuma duk wanda ya bi hanyar Marwa da rani ya gan shi shimfiɗe fetal, ko ciyawa ba ta fitowa.

Wannan ba zancen baka ba ne, an gwada. A Samaru ta Zariya a 1950 aka keɓe filaye aka riƙa noma su shekara da shekaru, wasu da takin zamani zalla, wasu da kashin shanu, wasu da duka biyun. A Sariya ta ƙasar Burkina Faso ma an fara irin wannan gwaji da dawa a 1960. Abin da ya fito a wuraren biyu ya yi kama da juna. Filin da aka bari ba taki ko kaɗan ya lalace. Na takin zamani zalla ya yi kyau a shekarun farko, daga baya ƙasar ta yi tsami, maiƙonta ya ragu, amfanin ya riƙa ja da baya. Wanda aka haɗa wa biyun shi ne ya jure. Da ruwan ciki akan ja na rijiya.

Amma fa kada wani ya karanta wannan ya ce mun ce a daina sayen takin buhu. Akwai masu wannan wa'azi, galibinsu ba su taɓa ciyar da gida mai mutum goma sha biyar daga gona ba. Buhun yuriya mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 23 na naitirojin, sinadarin da yake sa ganye ya yi kore shar. Kafin a sami wannan daga busasshen kashin shanu sai an kwaso wajen tan biyu. Kuma takin buhu, in an yi aiki da shi daidai, shi kansa yana taimakon maiƙon ƙasa, don gonar da ta ƙoshi ita ce take yin kara mai kauri da saiwa mai yawa. Matsalar ƙasashenmu ma ba yawan takin ba ce. Lokacin da shugabannin Afirka suka taru a Abuja a 2006, abin da aka lissafa ana zubawa bai wuce kilo 8 na sinadaran taki a hekta guda ba, suka yi alkawarin kai shi kilo 50 kafin 2015, shekarar ta zo ta wuce ba a kai ba. Da suka sake taruwa a Nairobi a 2024, sai ga shi sun ƙara lafiyar ƙasa a cikin sunan taron. Ga alama su ma tambayar dattijonmu ta iso musu.

Su kuma masu cewa takin gida ya isa, ga ɗan lissafi irin na malamin makaranta. A gwajin Sariya, ƙaramin ma'aunin da aka yi aiki da shi tan 5 ne a hekta duk shekara biyu, watau tan biyu da rabi a shekara. Saniya matsakaiciya tana fitar da wajen tan guda na busasshen kashi a shekara, amma in tana fita kiwo, kusan rabinsa a daji zai zube. Ashe hekta guda tana neman shanu kamar biyar. Ko rubu'in hekta, wanda manoman auduga suke kira kar, saniya ɗaya ba ta cika ƙosar da shi ba. Mutum nawa ne a cikinmu suke da wannan garke? Sa'an nan saniya ba ta ƙirƙirar komi, dako take yi: ta ci a daji ta kawo gona. Dajin kuwa yana ta ƙanƙancewa tun da jama'a suka riƙa gangarowa daga tsaunuka da yankin Marwa a shekarun 1970, suna sassabe a kwarin Binuwai har zuwa Ngong da Tuboro. Sauran da ake bari gona ta huta shekara biyar ko goma ya zama labari.

Tun da biyun kowane bai isa shi kaɗai ba, abin da ya rage shi ne a rufe ɓarakar da ke tsakaninsu. A nan ne maganar ta zo kanmu, mu Hausawan wannan ƙasa. Mu ne masu turke ragunan layya da bajimai a cikin unguwa. Mu ne a kasuwar shanu, mu ne a mahauta. Karan da dattijonmu ya sayar, da harawar wake da ta gyaɗa, gidajenmu suke shigowa, dabbobi su ci, kashin kuma yara su share su kai bola, ko ruwan farko ya kwashe shi ya toshe magudana, a yi ta faɗa da maƙwabta. Kakanninmu na karkarar Kano ba haka suka yi ba. Sun noma gona guda shekara bayan shekara ba hutu, tsara bayan tsara, domin jakin da ya kai itace birni ba ya komawa gida wayam, da mangalar taki yake komawa. Akuya da tunkiya kuma a turke suke yin damina, ana kawo musu ciyawa, ana tara abin da suka bari. Mun zo da sana'ar kiwon, mun baro rabin hikimarta a can.

Shi ma tara takin yana da ƙa'ida. Kashin da aka bari rana tana dukansa wata biyar, ƙarfinsa ya riga ya bi iska, abin da ake kai wa gona kusan ƙura ce. Kaso mai yawa na naitirojin da dabba take fitarwa a cikin fitsari yake, saboda haka a riƙa shimfiɗa guntayen kara da ƙaiƙayi da ragowar ciyawa a ƙarƙashin dabbobi su tsotse shi. In shimfiɗar ta yi kauri a kwashe a zuba a rami a inuwa, a haɗa da sharar tsakar gida, a tsince leda da tsofaffin batura, a ɗan yayyafa ruwan wanke-wanke. In za a kai gona kada a barbaza shi ko'ina don a ce kowane lungu ya samu. Gara a zaɓi kar guda a ƙosar da shi bana, a rufe takin da huɗa, a ɗora masa takin buhu a gindin shuka, baɗi a matsa gaba. Gawo kuma in ya tsiro a gona a yi masa alama a bar shi, don da damina yake zubar da ganye, ba ya tare wa shuka rana. A shekarun 1990 har ɗan tukuici aka riƙa ba manoman yankin auduga a kan kowane ɗan gawo da suka raya.

Sai dai kada mu ruɗi kanmu, abin yana da jinkiri. Zafin ƙasarmu da gara suna cinye mafi yawan abin da aka zuba cikin shekara ɗaya ko biyu, kaɗan ne yake zama maiƙo mai ɗorewa. A taron yanayi na Paris a 2015 an fito da shirin ƙara wa ƙasar noma kabon da kashi 4 cikin 1000 kowace shekara, ana kuma ta zancen za a riƙa biyan manoma ladan ajiye shi. Allah ya sa. Mu dai shawararmu, kada kowa ya sa wannan kuɗi a lissafin cefanensa.

Wannan jinkirin ne ya sa dattijon ya kawo mana hanzarin da ya fi kowane nauyi. Ya ce, "Malam, gonar ba tawa ba ce, haya ce. Ran da ta yi kyau, ran nan mai ita zai tuna yana da ɗa mai son noma." Da yawanmu haka muke, a gonar aro ko ta haya, kuma wanda bai san ko zai sake shuka wuri ba, ba zai kashe kuɗin amalanke ya kai masa taki ba. Zai zuba buhu ya kwashe abin da ya samu har da karan, mai gona kuma ya karɓi yashi. Dukansu biyu sun yi asara. Abin da muka ga yana aiki a wasu unguwanni shi ne a yi maganar tun farko a gaban jauro da shaidu, a rubuta: haya ta shekara huɗu ko biyar, bisa sharaɗin mai haya zai kai takin gida, kuma ba zai sa wa kara wuta ba. Haka nan da makiyayi, maimakon a jira shanu su shigo a yi rigima, a yi ciniki irin na da: ya ci karan, garken ya kwana a gonar dare kaza, ana matsar da makwancin.

Dattijon ya ce zai tuntuɓi mai gonar bayan sallar Juma'a. Ya kuma aiki jikansa ya tambayi mai turken da ya sayi karansa ko zai bar masa abin da ke bayan garkar, tun da dama zubarwa yake yi. Mai turken ya ce a zo a kwashe, amma kuɗin amalanke ba ruwansa. Sai wata mai zuwa in Allah ya kai mu, za mu koma kan zancen rumbu.